Kan Kare a Kular Hajara, Daga Ƙofar Jatau Zuwa Jos

Tun da na dawo daga Jos ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Ƙofar Jatau, a ƙofar masallaci, har a ajinmu na yaƙi da jahilci, kowa so yake ya ji daga bakina. Na faɗa har muryata ta dushe, amma labarin sai canza kama yake yi a gari. Wani ya ce kan mutum na ɗauka. Wata ta ce an tsare ni a kan iyaka an ɗaure. Shekaranjiya kuwa wani mai kayan miya ya ja ni gefe, ya rage murya, ya tambaye ni ko naman kare da daɗi. Shi ya sa malamarmu, Malama Saratu ta Wusasa, ta ce in zauna in rubuta abin yadda ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta. Ni maɗinkin hannu ne, sunana Haladu, zama wuri ɗaya ba ya yi mini wuya. Don haka na zauna.

Mafarin abin shi ne yayana, Yaya Tanimu wanzami. Wani jan kare baƙo ya shigo unguwa yana dalalar da miyau, yana kai wa tayar babur cizo, ya yi kiciɓis da Yaya a lungu ya kafa masa haƙora a ƙwauri. Muka kai shi ƙaramin asibitin unguwa, aka daɗe ana wanke ciwon da sabulu da ruwa. Sai jami'in asibitin ya ce a fara allurar rigakafi nan take. Ya yi mana bayani ƙarara: ciwon haukan kare, in ya riga ya bayyana a jikin mutum, babu magani, sai dai a jira rai. Allurar kafin nan take aiki.

Yaya ya sauke ƙafar wandonsa ya miƙe.

"Karen nan ba hauka yake yi ba, yunwa ce. Tun ba a haife ka ba nake tsaga mutane ina yi musu ƙaho, yaro. Na san cizo mai dafi in na gan shi."

Ya koma gida ya kafa wa kansa ƙaho a ƙwauri, ya ce an gama. Matarsa ta yi kuka, liman ya yi magana, ni ma na yi ta lallashi. Da na dame shi sai ya ce, "Haladu, kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Je ka ga haukar da idonka, ka zo ka gaya mini, in yarda a yi mini." Ya faɗi haka ne don ya san samarin unguwa sun riga sun kashe karen. A ganinsa ya rufe zance, tun da mataccen kare ba ya hauka.

Ashe ana gani. Malamin dabbobi na yankinmu ya ce a cikin ƙwaƙwalwar karen ake duba cutar. Sai dai ɗakin gwajin da ke kusa da mu ruwan gwajinsu ya ƙare, dole a kai kan wani babban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi can bayan Jos. Mahautan unguwa suka ce wuƙarsu ba za ta taɓa kare ba ko da za a naɗa su sarauta. Malamin ya sa safar hannu ya yi aikin da kansa, ya naɗe kan a leda cikin leda cikin leda, ya rubuta mini takarda. Gargaɗinsa ɗaya ne: "Kada ya ji zafi. In ƙwaƙwalwar ta ruɓe, ka yi tafiyar banza."

Babu kular da za ta ɗauka sai babbar jar kular matata Hajara, wadda take kai shinkafa gidan suna. Ta dube ni, ta dubi kular, ta ce, "Don Yaya ne, ɗauka. Amma kada ta sake shigo mini gida." Na jera ledojin ruwa masu ƙanƙara a ƙasa da gefe da sama, na ɗaure murfin da igiya. Malama Saratu ta buga wa yayanta da ke zaune a Jos waya, ko da dare zai yi mini.

A tasha direba ya so ya jefa kular a but, bayan mota, na ce a cinyata za ta zauna. Ban gaya masa abin da ke ciki ba, don na san a nan tafiyar za ta ƙare. Muka jira mota ta cika har rana ta take. A gefena wata tsohuwa ce za ta Jengre barka, jikarta ta haihu. Ba mu yi nisa a hanyar Pambeguwa ba mota ta faɗa rami, ƙanƙara ta yi ƙara a cikin kula.

"Ɗana, ruwan sanyi ne a nan?"

"Ƙanƙara ce, Iya."

"Alhamdu lillahi. Sam mini ɗaya, maƙogwarona ya bushe."

Tun da nake ban taɓa hana mutum ruwa ba. A gidanmu ko ɓarawo aka kama ya ce ƙishirwa yake ji, sai an ba shi ya sha sannan a ci gaba da dukansa.

"Iya, ki yi haƙuri, wannan ba na sha ba ne."

"Na wanka ne?"

Wani ɗan kasuwa mai tabarau a kujerar gaba ya juyo gaba ɗaya ya ƙare mini kallo.

"Malam, daga wane gari kake?"

"Zariya, cikin birni."

"Cikin birni! Kai jama'a, duniya ta zo ƙarshe. Bazazzagi da gemu, ya rungume ruwa, tsohuwa na roƙo."

A Pambeguwa na leƙa ta taga na saya mata ruwa. Ta taɓa ledar da bayan hannu ta ce ɗumi gare shi, in ba wanda na raina. Daga nan ta ciro carbi, duk ƙwayar da ta ja sai ta harare ni.

A Saminaka aka tsaya salla. Nan na rasa yadda zan yi. Ba a shiga masallaci da mushe, ba kuma zan bar kular a motar da ke cikin rana ba. Inuwa ɗaya ce mai kyau a wurin, ta wani mai tsire. Na yi masa sallama na ce ga ajiya, in yi salla. Da na fito na tarar ya ɗora tiren albasa a kai, yana ɗan jijjiga ta da ƙafa.

"Alhaji, wannan nauyin na nama ne. In na sayarwa ne mu daidaita."

"Ba irin naka ba ne."

"Babu naman da wutata ba ta iya masa."

Na dubi mutanen da suka yi layi suna jiran tsirensa, na tuna in ɗaya daga cikinsu ya san abin da ke ƙarƙashin albasar nan, bawan Allahn nan sai dai ya canza gari. Na yi godiya, na sauke tiren, na ɗauki kayana da sauri. Yana ta kira a bayana wai in faɗi kuɗi. Na ƙara ƙanƙara a wani shago, muka tashi.

Kafin Jengre akwai shinge inda jiharmu ta ƙare, Filato ta fara. An gitta igiya da katako mai ƙusoshi, ma'aikata iri-iri suna zaune a ƙarƙashin bishiya. Wani matashi a cikinsu, mai kula da shige da ficen dabbobi, ya hangi jar kula ya yi murmushi.

"Baba, me aka kawo mana?"

"Saƙon likita ne."

Na miƙa masa takardar a hankali, ina fata ya karanta a zuci. Ya karanta da ƙarfi da Turanci, sannan don kada wani ya rasa, ya fassara da Hausa. Tsohuwar nan ta saki carbinta. Mai tabarau ya buɗe ƙofa ya fita ba tare da ya san inda za shi ba.

Ni na ɗauka kora za a yi mini. Ashe gardama ce za ta tashi tsakanin ma'aikatan.

"In dabba ce, sai da takardar wucewa," in ji matashin.

"Ba dabba ba ce, nama ne," in ji wani. "Nama kuwa sai da hatimin mahauta."

"Wace mahauta ce za ta buga wa kare hatimi?"

Na ce, "Ranku ya daɗe, kan karen ne kawai."

"To ina sauran karen?"

"Yana Zariya, an binne."

"Ka ji ko? Ya raba dabba ɗaya jiha biyu. Wannan ma laifi ne na daban."

Suka yarda cewa sai an buɗe an gani. Na fara kwance igiya, kowa ya ja da baya, har wanda ya ba da umarnin. Sai babbansu, wani dattijo mai furfura da ke cin gyaɗa, ya taso ya karɓi takardar.

"Wanda ya ciza yana da rai?"

"Yana da rai. Yayana ne. Ya ƙi allura sai an gwada."

Ya daina tauna. Ya ce a ƙauyensu ya taɓa ganin wanda ciwon ya kama, an ɗaure shi da igiya a kan gado, ba ya son ya sake gani. Ya juya ya daka wa yaransa tsawa su sauke igiya.

Saura direba. Ya rantse mushen kare ba zai zauna a kujerar motarsa ba, sai dai a ɗaure a kan rufi. Na nuna masa rana, na ce in aka ɗaura a sama, kafin Jos an dafa shi. Muna cikin haka tsohuwar ta sa baki.

"Kai direba, ji tsoron Allah. Don ɗan'uwansa yake wahalar nan." Ta juyo gare ni. "Allah ya yi maka albarka da ka hana ni ruwan nan, ɗana. Amma ba kusa da ni ba."

Aka sasanta a kan but. Aka matsar da buhunan albasa, na naɗe ƙafafuna na shiga, kula a cinya, ƙofar but a ɗage an tallafe ta da sanda. Tsohuwar ta miƙo mini mayafinta in rufa wa kular saboda rana. Haka na shiga jihar Filato da baya, ina kallon inda na fito. Masu babur suna wucewa suna ɗaga mini hannu. Har muka isa Jengre ina jin Iya tana tofar da miyau ta taga, ita da ba ta sha komai ba.

Mun isa Jos an tashi daga aiki. Yayan Malama Saratu, Malam Yohanna, tsohon akawu mai ritaya, ya zo tasha ya ɗauke ni. Ya yi shekaru a can amma Hausarsa ta Zazzau ce tsantsa. Tun a hanya yake tambayata ko har yanzu ana yin waina a bakin kasuwar birni, da wa ya mutu, da wa ya rage.

Sanyin garin nan ba irin namu ba ne, daga ƙasa yake tasowa ya kama gwiwa. Matarsa, Mama Ladi, ta ba ni rigar sanyi mai hoton wata dabba a ƙirji, na sa a kan kaftanina. Da na shiga falo sai ga wani ƙaton baƙin kare kwance a kan kujera mai laushi, da bargonsa. A wurinmu kare na mafarauta ne ko na gadi, iyakarsa waje, sunansa kuma "kai". Wannan sunansa Kaftin, yana da kwanonsa, yana da katin allurar rigakafinsa a rataye a bango kusa da hotunan jikoki. Malam Yohanna ya ce duk shekara ake kai shi. Na yi ta tunanin ga kare ya yarda da allura, yayana ya ƙi.

Kaftin ya sauko ya shinshina kular. Ya ja da baya, ya zauna, ya dube ni. Daga lokacin bai sake ɗauke ido daga kaina ba. In na ɗaga loma ya bi hannuna da kallo, in na yi tari ya miƙe. Ban taɓa jin kunyar dabba ba sai ranar.

Mama Ladi ta kawo gwaten acca da ganye da dankalin Turawa soyayye. Gwaten nasu ya fi namu ruwa, ga tsami-tsami, amma yana korar sanyi. Ta fito da buta da tabarma sabuwa, ta ce ta baƙi Musulmi ce, Kaftin bai taɓa taka ta ba, ta kuma kulle shi a kicin har na idar da salla. Wani maƙwabcinsu tsoho ya shigo gaisuwa, ya ji labari, ya tambaya ina gangar jikin. Na ce an binne. Ya girgiza kai kamar an ce masa an zubar da buhun hatsi. Da aka ce ana zaton mahaukaci ne sai ya ce to, gara haka. Ni kuma na ba shi labarin yadda muke soya fara da yaji mu ci, ya yamutsa fuska ya ce Allah ya kiyaye, ƙwaro? Muka rabu kowa yana tausayin ɗan'uwansa.

Damuwata ita ce ƙanƙara ta kusa narkewa. Malam Yohanna ya ce akwai tsohuwar firiza a shagon gaba, ba kowa a ciki tun da Mama Ladi ta daina sayar da ƙanƙara, saboda wutar unguwar ba ta daɗewa. "In sun kawo ma ɗan lokaci ne su ɗauke. Ɗan sanyin zai riƙe maka shi zuwa safe." Na sa leda a hannu, na ciro ƙullin na sa a ciki, na wanke hannu da sabulu.

Da safe na ji unguwa ta cika da murna. Mata suna ta guga, ana ta niƙa, rediyo na tashi ta kowane gida. Wai wuta ce ta kwana ba a ɗauke ba, abin da tsofaffin unguwar suka ce sun manta rabonsu da gani. Muka buɗe firiza. Na ƙwanƙwasa ƙullin da ɗan yatsa, ya amsa kamar turmi.

Ɗakin gwajin yana can bayan gari, cikin itatuwa. A bencin jira na ga ashe ba ni kaɗai ne mai ɗauke da abin kunya ba. Ga wani mai gidan gona da matattun kaji a kwali, yana kiran sunan kowace cuta da yake zargi. Ga wani Bafillace da 'yan kwalabe na jinin shanunsa a cikin hula, ya riƙe su kamar ƙwai. Ga wata mata da huhun akuya a bokitin fenti. Muka gaisa cikin mutunci, kowa ya tambayi lafiyar kayan ɗan'uwansa. A nan ne kaɗai a duk tafiyar na ce "kan kare ne" aka ce mini "Allah ya sawwaƙe" ba tare da an matsa ba.

Wata ma'aikaciya mai farar riga, sunanta Kaneng, ta karɓi takarda da kula ta shiga ciki. Can ta fito.

"Baba, wa ya ce ka daskarar da shi?"

"Cewa aka yi kada ya ji zafi."

"Ai bai ji ba kam. Bai lalace ba, amma ba mu iya fasa shi haka. Sai ya saki."

Na ce a sa a rana. Ta ce a'a. Na ce ruwan zafi fa? Ta ce shi ne ma ya fi muni. Da kansa zai saki, a hankali, a wuri mai sanyi-sanyi. Sannan ta tambaye ni allura nawa aka yi wa wanda aka ciza. Da na ce ko ɗaya, sai ta cire tabarau ta yi mini faɗa kamar ni ne Yaya. Ta ce ba a jiran gwaji kafin a fara, gwajin don a tabbatar ne, a kuma nemo duk wanda karen ya taɓa. Na sunkuyar da kai na karɓi faɗan a madadinsa.

Na koma benci. Jiya duk na ƙare ƙarfina a kan kada abin nan ya yi ɗumi, yau ga ni zaune ina roƙon Allah ya ɗumama shi.

Wajen azahar Hajara ta bugo waya.

"Malam, Yaya ya ƙi shan ruwa. An kai masa ya ture kofin. Matarsa tana ta kuka, mutane sun cika zaure."

Tun a Zariya jami'in asibiti ya gaya mana tsoron ruwa yana cikin alamun ciwon. Bafillacen nan ya riƙe mini kafaɗa. Na ce wa Hajara ta kai masa wayar, ko muryarsa in ji. Na ji hayaniya, na ji ana salati, sannan na ji Yaya.

"Wai me ya sami mutanen nan ne? Tun safe kowa ya shigo sai ya dangwara mini kofin ruwa a baki ya tsaya yana kallona. Yau ba Alhamis ba ce? Azumi nake yi!"

"Yaya, me ya hana ka gaya musu?"

"Azumin nafila ana shela da shi ne?"

Sai da la'asar kan ya saki. Kaneng ta ce ba zan shiga inda ake fasawa ba, wurin na waɗanda aka yi wa rigakafi ne. Na gaya mata sharaɗin Yaya, cewa sai na gani da idona. Ta yi dariya, ta ce ta taɓa jin taurin kai amma wannan na gado ne. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ana ɗibar ɗan yanki daga can ƙasan ƙwaƙwalwa, a danna shi a kan ɗan gilashi ya bar shafe. A zuba masa wani ruwa na musamman wanda ba ya manne wa komai sai ƙwayar wannan cuta. A wanke. In babu cutar, ruwan ya tafi duka. In akwai, ya maƙale, kuma in aka haska shi da wata irin fitila a ƙarƙashin madubin ƙwayoyin cuta, sai ya yi ƙyalli. Ta ce a da har ɓeraye ake yi wa allurar ƙwaƙwalwar a zauna makonni ana jiran su kamu.

Na ce, "In ruwan ya yi ƙarya fa?"

Ta ce shi ya sa ba a duba gilashi ɗaya shi kaɗai. Ana haɗa shi da wasu biyu: ɗaya na karen da aka tabbatar yana da cutar, ɗaya na lafiyayye. In na farko bai yi ƙyalli ba, ko na biyu ya yi, an san aikin ne ya ɓaci, a sake. Na ce ashe kamar gaban alƙali ne, sai da shaidu biyu. Ta ce in na ga dama in kira shi haka.

Gab da tashinsu ta kira ni wani ɗaki mai duhu, inda aka haɗa madubin da allon kwamfuta. Ta nuna mini na lafiyayyen: duhu ne kawai, ja-ja, ba komai. Ta nuna mini na mai cutar: ɗige-ɗige kore shar, suna haske. Sannan ta ce, "Ga naka."

Kore ne ko'ina. Manya da ƙanana, kamar an watsa ɗinkin zare kore a kan baƙin yadi. Abin da ya ba ni tsoro shi ne kyansa. Na daɗe ina kallo don kada in manta komai. Ta ce kular da abin da ke cikinta duk ƙonawa za a yi. Na ce mai ita ma haka za ta so.

Na buga wa Yaya waya daga bakin ƙofa. Ya ce shi ba ya karɓar shaida ta waya, in zo. Na sake kwana gidan Malam Yohanna, Kaftin ya sake gadina, da asuba na kama motar farko. Wannan karon a kujera na zauna, hannuna wayam, na sayi ruwa na bi kowa da shi har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ban biya gida ba. Na tarar da Yaya a zaurensa yana yi wa wani dattijo aski. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ka gani?"

"Na gani, Yaya."

"Da idonka, ko gaya maka aka yi?"

"Da idona. Kore ne, yana haske. An gwada shi da na lafiyayye, ba su yi kama ba."

Ya ƙarasa askin a natse, ya goge askar, ya naɗe ta ya sa a zabira. Dattijon ya fita. Sai ya matso kusa da ni, ya dubi ƙofa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Haladu, allurar nan, doguwa ce?"

Na dube shi. Mutumin da ya yi wa rabin mazan unguwarmu kaciya.

"Ban sani ba, Yaya. Mu je mu gani."

Muka tari keke-napep. A asibiti ya zauna a benci, ya naɗe hannun riga, ya juya fuska bango. Ya kama hannuna ya matse har na ji ƙashi na ƙara. Ya ce wa nas ɗin, "'Yata, ki yi bisimilla, kuma kada ki gaya mini lokacin." Ya runtse ido ya kama karatu, sura bayan sura. Nas ta goge dantsen, ta yi abin da za ta yi, ta jefa allurar a kwali, ta koma tebur tana rubuta ranakun da zai dawo a yi masa sauran. Yaya yana nan yana karatu, gumi na zuba.

"To ki yi mana, ki daina ja mini rai!"

"Baba, ai an gama tun ɗazu."

Ya buɗe ido ɗaya. Ya dubi dantsensa, ya shafa wurin, ya dubi nas. Sannan ya saki hannuna, ya juyo gare ni da fuskar babban wa.

"Shi ke nan? Yanzu don wannan ɗan abin ka ɗauki kan kare har Jos? Kai dai Haladu, ba ka da aikin yi."